Kaka Ta Zauna Sau Ɗaya

Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da aikin nan naki da ya hana ki hanyar gida. Mu nan lafiya muke, sai dai ƙafar Kaka da ta sake kumbura, yanzu sai an riƙe ta take fitowa tsakar gida. Gwaggo tana gaishe ki. Maiɗakina ma ta ce in gaishe ki, na ce zan isar amma ba da zuciya ɗaya ba.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, don in na ji muryarki yau, bakina zai faɗi abin da zumunci ba zai iya haɗiyewa ba.

Kaka ta zauna an ɗauke ta hoto. Ki sake karanta layin nan, ba kuskure na yi ba. Matar da Baba ya ƙare rayuwarsa a shagon nan yana ɗaukar hoton duniya, ya koma ga Allah bai samu fuskarta a kyamara ba. Kin san amsarta kullum: "Mai son ganina ya zo ya gan ni." To shekaranjiya da safe ta aiko a kira ni, ta ce in zo da "akwatin nan naka." Ta ɗaura ɗankwalinta mai ruwan toka, aka zaunar da ita a kujerar roba ta bakin ƙofa, ta dube ni ta ce, "Sau ɗaya ne. Ka ɗauka ka ba ni wuri." Na yi ta dannawa har sai da ta ɗaga mini sanda.

Na koma shago kamar zan tashi sama. Na sa katin kyamara a kwamfuta, na buɗe baƙar tagar nan da kika koya mini, inda nake rubuta wa manhajarki mai suna jera umarnin ta kwashe mini hotuna. So nake in fara da ƙananan kwafi na aikawa a waya. Don kada in yi garaje, na bi koyarwarki, na rubuta jera --taimako in ga abin da za ta ce. Ga shi nan, kuma shi ne dai a takardar da na manna a bango tun bara:

Amfani: jera [zaɓi] kati
--kwafa: kwafe hotuna daga kati zuwa kwamfuta
--rage: yi ƙananan kwafi na waya, na asali suna nan a kati
--share: share kati bayan an gama

Ki duba layi na uku da kyau, Injiniya. "Na asali suna nan a kati." Ni ban rubuta --share ba, ko kusa da shi yatsana bai je ba. Na rubuta --rage, ta gama, na leƙa kati, wayam! Ko ƙura babu.

Ƙananan da ta bar mini na gwada wanke ɗaya a girman firam. Fuskar Kaka ta fito dabbare-dabbare, ba ka bambance ido da ƙofar hanci. Sai a girman akwatin ashana take kama da mutum.

Da abin da na karya da hannuna ne, da na zauna na ci kukana ni kaɗai. Amma na tambayi abinki, ya ba ni amsa, na yarda da shi, ya ci amanata. Ki faɗa mini wa ya yi ƙarya, ke ko ita? Kuma ki faɗa mini da wane baki zan shiga ɗakin Kaka.

Ɗan kawunki,
Mai hoto

*

Zuwa ga Ɗan Kawu,

Na ga wasiƙarka, kuma na amsa gaisuwar duk da ka ce rabin zuciya ce. Ina lafiya, sai mura da sanyin ofishin nan ya manna mini. Ka yi wa Kaka sannu da ƙafa, a riƙa ɗora mata ita a kan matashi, kuma a hana ta gishirin nan da take ɓoyewa a gefen gado. Ka gaida Mama da matarka, ita na san da zuciya ɗaya ta gaishe ni.

Wallahi da na karanta cewa Kaka ta zauna, sai da na tashi daga kan tebur na shiga banɗaki na yi hawaye. Kada ka ɗauka kai kaɗai abin ya daka.

Amma tunda ka tambayi wa ya yi ƙarya, bari in tuna maka. Wa ya dame ni da ƙorafi wata da watanni, cewa kati yana cika masa a tsakiyar aiki saboda yana manta rubuta --share? Wa ya ce, "Ki sa ta riƙa sharewa da kanta mana, ni ba sakatare ba ne"? Kai ne ka roƙa. Na zauna a ranar hutuna na sauya ta, yadda duk lokacin da ta gama aiki sai ta share kati. Da na turo maka sabuwar, na rubuta maka haka a wasiƙa. Ka karanta? Na san ba ka karanta ba, kai da in rubutu ya wuce tsawon rasit sai barci ya kama ka. Laifi tudu ne, Ɗan Kawu, ka taka naka kana hango nawa.

Nawa kuma ba zan ɓoye shi ba. Bayanin taimakon nan da hannu na rubuta shi, a wani wuri daban da inda ainihin aikin yake. Na sauya aikin, na manta ban koma na sauya bayanin ba. An sauya maganin cikin kwalba, takardar jiki tana nan ta da. Kuma ban taɓa kawowa a raina za ka yi --rage kafin --kwafa ba, tunda kullum kwafa kake farawa da ita. Wannan sakacina ne, na ɗauka. Amma kalmar cin amana ta yi mini nauyi daga bakin mutumin da na yi wa aiki don Allah da zumunci, ba tare da ya taɓa cewa sannu ba.

Kuma ka daina kirana Injiniya da wannan sigar. Ina jin gatsen tun daga nan.

Yanzu abin da ya fi komai. Share hoto daga kati ba ya nufin ya tafi. Sunansa kawai ake gogewa, shi yana nan kwance har sai sabon hoto ya hau kansa. Don haka ka cire katin nan yanzu, ka tura ɗan makullin gefensa, ka sa shi a ambulan, kada ka ɗauki ko hoto ɗaya da shi. Ka ba direban da ke zuwa nan ya kawo mini. In ba a taɓa shi ba, ina da kyakkyawan zaton zan dawo da su duka.

'Yar gwaggonka

*

Ɗan Kawu,

Da fatan kuna lafiya, ya ƙafar Kaka?

Shiru ya yi yawa. Na kira ka har wayata ta yi zafi, kana katsewa. Na kira matarka ta ce ka ce ba ka nan, alhali ina jin tarinka a bayanta. Mama kuma na kasa yi mata bayanin kati a waya, da na ce kati sai ta ɗauka na asibiti nake nufi.

Ka yi fushinka, ka yi ta yi har ka gaji, ni ma ina da nawa a ajiye. Amma ka amsa mini abu ɗaya: ka cire katin? Na je tasha sau biyu, direban ya ce ba ka ba shi komai ba. Kada girman kanka ya cinye mana hoton tsohuwar nan. Ka amsa ko da kalma ɗaya ce.

'Yar gwaggonka

*

Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Muna lafiya, ban da Kaka. Kumburin ya hau har gwiwa, ta daina fitowa tsakar gida. Likita ya zo ya sauya magani, ya yi wa Gwaggo magana a waje da ƙaramar murya, ba ta faɗa mini abin da ya ce ba, ni ma ban tambaya ba.

Ban cire katin ba.

Wasiƙarki ta farko na karanta ta har zuwa inda kika ce "kai ne ka roƙa." A nan na rufe kwamfuta na fita, don na ji zan iya jefa ta a titi. Washegari makarantar firamaren bayan kasuwa suka kira ni ɗaukar fasfo na 'yan aji ɗaya. Ɗaya katin nawa ya karye tun kwanaki, sai na ɗauki wannan, tunda a sanina fanko ne. Na jera yaran mutane a jikin farin ƙyalle, na yi ta cewa "ɗago kai, rufe baki," ashe kowane dannawa a kan fuskar Kaka nake yi. Sai da wasiƙarki ta biyu ta zo na koma na karanta ta farko har ƙasa.

Yanzu ki gaya mini, don girman Allah, wane irin mutum ne zai ga gobara a rufin gida, ya shigo ya yi sallama, ya tambayi ƙafa, ya yi maganar gishiri, ya kare kansa shafi guda, sannan a bakin ƙofa zai fita ya ce af, gidanku fa yana ci? Layi ɗaya ne ke da rai a duk wasiƙar nan, kika kai shi ƙarƙashi kika binne. Kin san halina sarai. Tare muka tashi a ɗakin Kaka, kin san in aka taɓa ni ba na jin sauran magana. Gara ki ci nasarar gardama da ki ceci hoton, shi ya sa kika fara da gardamar.

Kuma tunda abin ya kai haka, bari in faɗa miki abin da na ɓoye don kada ki ji ciwo. Kin san don wa Kaka ta zauna? Da nake gyara kyamara na tsokane ta, na ce Kaka yau kuma wace rana ce. Ta ce, "Waccan mai nisan kiwon ba za ta zo ta gan ni ba, to a kai mata ni." Shi ya sa na yi gaggawar --rage. Ke zan tura wa.

Jiya ta tambaye ni ina hotonta. Na ce ana wankewa. Ta ce, "Wankin naku ya fi na bargo daɗewa." Na yi dariyar dole na fito.

Katin yana wurin direba, cikin ambulan, na tura makullin kamar yadda kika ce. Na san ihu ne bayan hari. Ki duba abin da yaran suka bar mana.

Mai hoto

*

Ɗan Kawu,

Hoto ɗaya ya tsira, kuma rabi ne. Na sa wannan a sama don kada ka rufe kafin ka kai.

Yanzu sai gaisuwa. Ya jikin Kaka? Na kira Mama ta faɗa mini abin da likita ya ce, kai ma ya kamata ka tambaye ta, ka daina gudu.

Katin ya iso, na zauna a kansa duk ƙarshen mako. Yaranka sun hau kusan komai, na yi ta buɗe fayil ina ganin ƙananan kawuna da manyan kunnuwa. Can ƙarshe na samu guda da ba su gama cinyewa ba. Daga sama lafiya lau yake: ɗankwalin, goshinta, idanun nan biyu tar, har zuwa karan hanci. Daga nan zuwa ƙasa toka ce zalla. Babu baki, babu haɓa, babu hannuwa. Na bi duk dabarar da na sani, na tambayi waɗanda suka fi ni sani a ofis, abin da aka rubuta wani abu a kansa ba ya dawowa. Na turo maka shi a cikakken girmansa.

Maganar gobara, ka yi gaskiya, kuma na tsani yadda ka yi gaskiyar. Amma kada ka lulluɓe da ita. Babba da kai, mai iyali, ka kasa karanta wasiƙa har ƙarshe a kan abin da ka ce ya fi komai a wurinka? Ka katse mini waya kamar mai bin ka da sharri? Da ka ɗaga sau ɗaya tak, da yanzu Kaka tana bango da bakinta. Ni na binne layin, kai ka taka kabarin ka wuce. Kuma abin da ta faɗa a kaina, da ka ajiye sai ranar da kake neman abin sukata, wannan ban yafe ba tukuna. Na karanta shi a tsaye a tasha, mutane na kallona.

Na kasa barin jera yadda take. Na rushe wurin da bayanin yake, yanzu babu bayanin da ake rubutawa daban da hannu. Kowane zaɓi wuri ɗaya yake zaune, sunansa da aikinsa da bayaninsa da alamar ko yana goge abu. In ka rubuta --taimako, manhajar ce take bin su ɗaya bayan ɗaya ta haɗa maka saƙon a take. In na ƙara zaɓi ban ba shi bayani ba, ba za ta ma tashi ba. Abin da take yi in ba a ce mata komai ba, shi ma daga cikinta take karantowa ta faɗa. Duk mai gogewa kuma ita take hawo da shi sama, ba sai na tuna ba. Ga yadda take fitowa:

Amfani: jera [zaɓi] kati
HATTARA, mai gogewa:
--share: share kati, sai an kwafa an tabbatar, kuma sai ta tambaye ka
In ba ka ce komai ba: ba a taɓa kati
--kwafa: kwafe hotuna zuwa kwamfuta
--rage: yi ƙananan kwafi na waya

Ka yage takardar bangon nan. Takarda ba ta san an sauya komai ba, ka riƙa tambayar manhajar kanta.

Na san wannan ba zai dawo da haɓar Kaka ba, kada ka ɓata tawada wajen faɗa mini. Ka roƙe ta ta sake zama, ko a kan gado ne. Ka ce ni na roƙa.

'Yar gwaggonka

*

Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Kaka ba za ta sake zama ba. Ni ma na koyi sa magana a sama.

Jikin nata da sauƙi da safe, da yamma sai a hankali. Na tambayi Gwaggo abin da likita ya ce, ta faɗa mini. Sauran mutanen gida lafiya.

Na yanke tokar na wanke abin da ya saura a babbar takarda, ya fito dogo a kwance kamar an leƙo ta taga. Na sa shi a firam na kai mata. A bakin ƙofa na tsaya na faɗa mata gaskiya duka, cewa ni da ke muka haɗu muka lalata, ban rage miki ba ban rage wa kaina ba. Ta ce a tashe ta zaune. Ta riƙe firam ɗin nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina bakina?"

Na ce Kaka shi ne ya ɓace. Na durƙusa na ce ki taimaka ki sake zama, ga kyamara a waje, 'Yar Gwaggo ma ta ce a roƙe ki.

Ta ce, "Sau ɗaya na ce, ko kai ma ba ka jin magana har ƙarshe?" Gwaggo ta juya baya tana danne dariya. Sai Kaka ta miƙo mini firam ɗin ta ce, "Bar shi haka, idon ya isa. Bakin ai ba ɓacewa ya yi ba, ku biyu kuka rabe shi tun ina da rai."

Ta yi dariya har tari ya kama ta, muka ba ta ruwa. Ni ban yi dariya ba, fita na yi.

Na sa sabuwar jera, na rubuta --taimako, na ga hattararki a sama da manyan baƙaƙe. Na gwada ta da tsohon kati, ta tsaya ta tambaye ni kafin ta share. Ta yi kyau. Sannu da aiki, tunda kin ce ban taɓa faɗa ba. Takardar bangon na yage ta, na buga ƙusa a wurin na rataye hoton. Yanzu duk lokacin da na zauna a kwamfuta idanun nan suna kaina, irin kallon da take mana in mun fasa abu muna nuna juna.

Na wanke na biyu saboda ke, zan ba direba. Da na faɗa mata sai ta ce a'a, a ajiye shi a ƙarƙashin matashinta. Ta ce ta aika miki da kanta a hoto sau ɗaya bai kai gare ki ba, yanzu mai so ya zo ya karɓa a hannunta.

Har yanzu ina fushi da ke, kuma na san kina fushi da ni. Ki nemi hutu ki zo mu yi shi baki da baki a tsakar gida, inda za ta ji mu ta tagar ɗakinta ta raba mu. Kada ki tsaya gyara wata manhaja, kada ki tsaya rubuto amsa. Kin ji abin da likita ya ce.

Ɗan kawunki,
Mai hoto